Casio fx-991EX wajen farfasa manyan lambobi: inda take ƙoƙari da inda take cijewa

Abin da ya sa masu lissafi ke son wannan kalkuleta shi ne aikin FACT, wanda ke farfasa lamba zuwa lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Rubuta lambar, danna alamar daidai, sannan SHIFT da madannin digiri da mintoci. In ka manta alamar daidai, ba za ta yi aikin ba.

Gwada 3603600. Nan take za ta ba ka 2⁴×3²×5²×7×11×13. Ba ta faɗin yawan lambobin da ke raba ta, amma wannan aikin minti ɗaya ne: ƙara 1 a kan kowace ƙaramar lambar da ke bisa (wadda ba ta da komai a bisa, kamar 7, ɗauke ta a kan 1), ka ninka su. 5×3×3×2×2×2 ya ba da 360. A irin wannan ba ta da makusa.

Gizo yana saƙa ne a wajen baka biyu. Sa mata 4294967297, lambar da masanin lissafi Fermat ya zaci firam ce har wani masanin, Euler, ya farfasa ta a 1732. Za ta nuna 641×(6700417). Ɗalibai da yawa na ɗauka duk abin da ke cikin baka firam ne. A nan sun dace, 6700417 firam ce. To sa 1022117: za ta dawo maka da ita cikin baka yadda ka ba ta, alhali 1009×1013 ce. Haka za ta yi wa 2147483647, wadda kuwa firam ce ta gaske. Baka na nufin "nan ƙarfina ya ƙare" kawai.

Dalilin shi ne firam masu alƙaluma uku zuwa ƙasa take gwadawa, na ƙarshensu 997. Na gaba shi ne 1009, kuma 1009×1009 ya kama 1018081. Ragowar da ba ta kai wannan adadi ba dole firam ce, don haka take fito da ita fili. Wadda ta kai ko ta wuce, sai ta kulle ta.

Iyakarta alƙaluma 10. Biyu a ninka da kanta sau 40, wato 2⁴⁰, shi ne 1099511627776, amma fuskarta 1.099511628×10¹² za ta nuna, wutsiyar ta ɓace, FACT kuma ya ƙi. Mai irin wannan aiki ya nufi shafin lissafi na Wolfram|Alpha a intanet.

Ga ɗan sakandare da ɗan shekarar farko a jami'a ta wadatar, ga hasken rana ga batir LR44. Sai dai jabu sun cika kasuwa, don haka kafin ka biya, gwada 4294967297 a gaban mai shago ka ga ko 641 zai fito.