Banish ko Mai Mai Ratsa Katako: Wanne Ya Dace da Ƙofar Waje?

Ƙofar maɗaci da ke fuskantar titi tana shan zafin bazara, ta kumbura da damina, sannan ta tsuke idan iskar hunturu ta busa, kuma wannan motsi shi ne abin da ke bambanta magungunan katakon biyu, wato banish da mai.

Banish yana kwanciya ne a saman katako kamar fata, yana ba shi sheƙin da masu gida ke sha'awa. Sai dai rana tana sa shi ya yi tauri har ya tsage, ruwa ya kutsa ta tsagar ya maƙale a ƙarƙashi, katakon ya fara baƙi yana ruɓewa. Gyaransa kuwa wahala ce, domin dole kafinta ya kankare tsohon gaba ɗaya da samfefa kafin ya shafa sabo.

Mai mai launi yana shigewa cikin katakon, ba ya ɓarewa, sai dai ya koɗe a hankali, kuma launinsa ne ke tare hasken rana, shi ya sa mai duhu ya fi daɗewa. Ana wanke ƙofar, a bar ta ta bushe, a sake shafawa bayan shekara 2 ko 3.

A ganina, banish na ƙofar da ke ƙarƙashin baranda ne. Wadda ruwa ke duka kuwa, a ba ta mai, har da ƙasanta inda danshi ya fi taruwa.