Benny Hill da Mr Bean, wa ya fi iya barkwanci?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya wai tsakanin baturen nan mai kumatu da ake bin sa da gudu fir-fir a tsofaffin bidiyo da kuma Mr Bean wa ya fi, kuma ko da gaske ne shi ya koya wa Mr Bean sana'a. To mai kumatun nan sunansa Benny Hill, kuma ba ubangidan Mr Bean ba ne, kowa da hanyar da ya biyo. Ni dai tun yanzu in faɗa maka Benny nake so, amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba.

Benny tsohon hannu ne sosai. A 1924 aka haife shi a Southampton ta ƙasar Ingila, ainihin sunansa Alfred Hawthorne Hill, har aikin raba madara gida-gida ya yi kafin Allah ya ɗaga shi. Shirinsa ya fara a BBC a 1955, wato shekarar da aka haifi Rowan Atkinson mai fitowa a Mr Bean, ka ga sa'an ɗan cikinsa ne ma. A 1969 Benny ya koma gidan talabijin na Thames, can ya zauna har 1989. Shi kuwa Atkinson ɗan boko ne na gaske, injiniyan lantarki ya karanta a Newcastle sannan ya ƙaro a Oxford, kuma Mr Bean ɗin da duk duniya ta sani kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995. Yawan maimaitawa da katun ɗin da aka yi daga baya ne suka sa ake zaton sun kai ɗaruruwa.

Babban bambancin yana wajen salo. Mr Bean mutum ɗaya ne kullum, kwat ɗinsa ɗaya, jan nekatai, ƙaramar motarsa Mini, ɗan teddinsa, babba ne mai halin yaro ga son kai ga mugunta 'yar ƙarama. Benny kuwa a shiri guda sai ya fito a kama goma, yanzu ɗan sanda, anjima tsohuwa, anjima mai karanta labarai, anjima ya ɗau jita yana waƙa, kusan irin yadda marigayi Ibro, Allah ya jiƙansa, yake sauya kama daga wannan fim zuwa wancan. Kuma kusan duk abin da ka ga an yi a shirin shi ya zauna ya rubuta da hannunsa, har waƙoƙin. Ɗaya daga ciki, ta wani mai raba madara Ernie, ita ta zo ta ɗaya a Birtaniya lokacin Kirsimetin 1971. Shi kuwa Bean ba Atkinson kaɗai ya gina shi ba, da marubuci Richard Curtis suka ƙirƙiro shi.

Sai maganar sauri. Bean a hankali yake dafa ka. Duba kashin farko inda yake ɗakin jarrabawa, ya buɗe ambulan ya ga ba abin da ya karanta ba ne, sai ya fara satar kallon takardar na kusa da shi, ya matso, ya karkato wuya, ya hura takardar da baki don ta ɗaga, minti da minti ana abu ɗaya kai kuma cikinka na ƙullewa don ka san asiri zai tonu. Benny ba ya ba ka wannan lokacin, kafin ka gama dariyar farko ya jefo ta biyu da ta uku. Gudun nan da ka gani shi ne rufe shiri, ana ɗauka da kyamara a rage mata gudu, in aka haska sai kowa ya riƙa tafiya cak-cak-cak, ga kiɗan Yakety Sax na tashi. Benny zai yi wata ɓarna ya ruga, mace ɗaya ta bi shi, sai ɗan sanda ya shiga layi, sai nas, sai tsoho da sanda, layi na ƙara tsawo suna zaga bishiya suna dawowa. Ga kuma ɗan gajeren tsohon nan mai sanƙo, Jackie Wright, da Benny ke tafa wa kai tas-tas-tas da tafin hannu. Amma ni abin da ya fi kashe ni shi ne fuskarsa, idan ya faɗi magana sai ya juyo ya kalli kyamara, ido ya yi wal, ɗan murmushi a gefen baki, kamar da kai kaɗai ya haɗa baki. Bean ba ya taɓa jawo ka jikinsa haka, kallonsa kake daga nesa kana jin kunya a madadinsa.

Inda Bean ya yi masa fintinkau shi ne harshe. Ba ya buƙatar turanci, gunaguni ne da motsin fuska, shi ya sa a wajenmu yaro da tsohuwa duk sun san shi. Benny kuwa rabin gwanintarsa a baki take, habaici da magana mai harshen damo da kwaikwayon muryar mutane, in turancinka bai nuna ba sai dai ka ga 'yan kallo na dariya kai kana jira a fara gudu.

To ga aibin. Shirin Benny, musamman na shekarun 1980, cike yake da 'yan mata masu rawa da shigar da ba ta dace ba, ana ce musu Hill's Angels, ga maganganun batsa a lulluɓe, ga kwaikwayon 'yan China da wasu baƙi ta hanyar da ba kowa zai ji daɗi ba. Masoyansa kan ce ai mazan ne kullum ke zama wawaye a ƙarshe, kuma haka ne, amma wannan bai suturta kowa ba. Ba abin da za ka kunna a falo gaban yara ko surukai ba ne, wallahi kar ma ka gwada. Su kansu turawan Ingila sun yi ta sukar abin, ga kuɗin shiryawa ya yi yawa ga 'yan kallo sun ragu, sai Thames ta dakatar da shi a 1989. Wanda ya sanar da shi hukuncin, John Howard Davies, shi ne kuma ya shirya kashin farko na Mr Bean da aka haska ran 1 ga Janairun 1990 a tashar ITV, a nan ne hanyarsu ta gamu. Abin yana min ciwo har yau, domin a lokacin Amurka da ƙasashe da dama na kallonsa kamar me, tsohon gwanin barkwanci Charlie Chaplin da kansa masoyinsa ne kafin ya mutu, Michael Jackson har asibiti ya je duba shi a 1992. A watan Afrilun shekarar Benny ya mutu shi kaɗai a gidan haya a unguwar Teddington ta Landan, bai taɓa aure ba, duk kuɗinsa ko mota bai mallaka ba.

Saboda haka in na iyali kake nema, ɗauki Bean ba ja. In kuwa gwanin gajerun wasanni kake tambaya, mai rubutawa ya rera ya kwaikwaya ya riƙe talabijin sama da shekara 30, Benny ne, sai dai ka zaɓi wuraren da ba a magana ka tsallake na rawar. Kuma kar ka yanke wa Atkinson hukunci da Bean kaɗai, nemi shirin Not the Nine O'Clock News da ya yi daga 1979 zuwa 1982 da kuma Blackadder, a can ne yake magana, kuma bakinsa kaifi ne da shi.