Katunan yanayin zuciya da na saya wa autana: guda 32, babu kunya ko ɗaya

Autana shekararsa takwas, kuma amsa ɗaya gare shi ga kowace tambaya: "Ba komai." Ya dawo daga makaranta ya haɗe rai kamar hadarin gabas, in an tambaye shi, ba komai. Yayarsa ta cinye masa tsokar nama, nan ma ba komai, sai dai a ji an buga ƙofa. Shi ya sa ran da na je wani shagon littattafai a Sabon Gari neman littafin lissafi, na ga ɗan kwali an rubuta "Katunan Yanayin Zuciya", ban tsaya dogon ciniki ba. Mai shagon ya ce Naira 4,500, muka daidaita a 4,000. Yau wata biyu ke nan muna amfani da su.

Katunan 32 ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an lulluɓe su da leda mai kauri, an huda gefe an zura a zoben ƙarfe. A gaba akwai zanen fuska da sunan yanayin da Hausa da Turanci, a baya kuma 'yar tambaya irin su "Yaushe rabonka da jin haka?" Ledar tana da ƙarko, don miyar kuka ta zube a kan guda uku, na goge da tsumma suka koma tas.

Cikin kwalin akwai takarda mai zane kamar fure mai ganye takwas, an rubuta sunan Robert Plutchik a ƙasa. Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam, a 1980 ya fito da wannan tsari. A ganinsa tushen abin da zuciya ke ji takwas ne, bibbiyu suna adawa da juna: farin ciki da baƙin ciki, fushi da tsoro, yarda da ƙyama, mamaki da tsammani. Kowanne yana da hawa uku, mai sauƙi da matsakaici da mai tsanani, ya kama 24. Sauran takwas ɗin gauraye ne na maƙwabta biyu, misali farin ciki ya haɗu da yarda su haifi so. Daga nan lissafin 32 ya fito.

Wannan hawa uku shi ne ya biya ni kuɗina. Jajayen katuna an jera su haushi, fushi, hasala. Koraye masu duhu kuma fargaba, tsoro, firgici. Wata Laraba yaron ya dawo daga Islamiyya ba takalmi, wani ya saka nasa ya tafi. Ya shigo yana huci, ya ƙi abinci. Na baza masa katunan a tabarma na ce, "Auta, zaɓar min wanda ke cikinka." Ni dai na gama yanke cewa ja zai ɗauka. Ya daɗe yana jujjuya su, sai ya miƙo min kore, fargaba. Na ce ta me? Ya ce, "Baba zai ce sakaci na yi." Ashe duk hucin nan ba da ɓarawon takalmi yake ba, dawowar babansa yake lissafi. Da ban ga katin ba, da na ɓata bakina ina ba shi haƙuri a kan abin da bai dame shi ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne inda aka ajiye gundura. Na zaci kusa da gajiya za ta zauna, sai na same ta a launin shunayya, wai ita ce ƙaramar ƙyama. Da farko na yi tsaki, daga baya na tuna yadda muke cewa tuwo ya gundure ni. Ai ba gajiya ba ce, rai ne ya fara ture abu. Mutumin nan ya yi tunani.

To, yanzu ga inda suka gaza. Na farko laifin maɗaba'a ne: babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya. Katin baƙin ciki an buga shi "bakin ciki", yayarsa kuwa ta samu abin tsokana, tana nuna cibiyarsa tana cewa ga bakin cikin nan. Na bi su da biro mai kaifi na lanƙwasa abin da ya samu, amma tawada ba ta zama a leda.

Na biyun ya fi girma, kuma surukata ce ta gano shi. Hajiya ta zo mana kwana biyu, ta sa tabarau ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Ke, ina kunya?" Na duba, babu. Ta ce, "Kati talatin da biyu babu kunya? To mai katin ma ba shi da ita." Mun yi dariya, amma gaskiyarta. A gidajenmu kunya ba abu ɗaya ba ce. Akwai wadda ke kama wanda aka kama yana ƙarya, akwai wadda ta hana ni kiran sunan ɗana na fari har yau, akwai jin nauyin da ke sa yaro ya ce ya ƙoshi a gidan mutane alhali cikinsa na kuka. Ta farko ciwo ce, sauran biyun ado ne. Yaron da rabin tarbiyyarsa a kan wannan take, an ba shi katuna babu ita.

Haka babu kishi, babu hassada, balle a raba masa su: mai kishi abin hannunsa yake karewa, mai hassada na hannun wani yake so ya zube. Babu kewa. Wanda ya fi min ciwo kuwa takaici ne. Haushi ana iya amayar da shi, a yi masifa a huce. Takaici shi ne wanda babu yadda za a yi da shi, kamar a kwana ana haɗa zoɓon sayarwa a cika firji, a ɗauke wuta kwana biyu. Ba fushi ba ne, ba baƙin ciki ba ne, kuma shi muka fi sha a ƙasar nan.

Su ma fuskokin sai a hankali. Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma wani masanin, Paul Ekman, har Papua New Guinea ya je a ƙarshen shekarun 1960 yana nuna wa mutanen Fore hotunan fuskoki don ya gwada ko duk duniya karatu ɗaya ake yi musu. Amma ga katin da aka rubuta wa jimami, fuska a sunkuye ido a ƙasa, Hajiya na gani ta ce, "Wannan 'yar mai ladabi ce." Murmushin yaƙe kuwa, wanda kowace uwargida ta iya ranar da aka yi mata kishiya, babu zanen da ya kamo shi.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, har na saya wa ƙanwata mai koyarwa a firamare wani kwalin. Ga yaro daga shekara shida zuwa goma suna aiki, in babba zai zauna da shi. Wanda bai iya karatu ba tukuna wasan karta kawai zai yi da su.

Mu dai mun yanka kwalin taliya mun ƙara guda huɗu: kunya, kishi, kewa, takaici. Auta ne ya zana fuskokin. Ta takaici ya yi mata kitso da ɗan kunne, sak yayarsa, kuma har yanzu ba ta gane ba.