Fatar Bagaruwa, Fatar Kamfani Ko Ta Roba: Wacce Za Ka Saya?

Duk wanda ke ɗinka takalma, jaka ko filon fata a Sakkwato ya san jar akuyarmu ba ta da tsara. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Amma ɗan'uwa, kafin ka zuba jarinka, tambayi yadda aka jeme ta, domin can ne inganci yake, can ne kuma ɓarna take.

Jimar gargajiya ita ce zaɓina. Majemi zai jiƙa fata, ya cire gashi da toka, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ya yi ta juyawa kwana da kwanaki. In ja ake so, a rina da karan dafi. Abin da ya fi burge ni shi ne 'ya'yan bagaruwa tsinto su ake yi, ba sai an sare itacen ba. Ke nan muddin majema na saye, mutumin ƙauye yana da dalilin barin bagaruwarsa a tsaye maimakon ya mai da ita gawayi, a jihar da hamada ke matso mu ta wajen Illela da Gada. Fatar tana da ɗan tauri da farko, tana karɓar zane da tambari, kuma ƙara kyau take yi in ta sha hannu. Aibinta dai ba ta son ruwa, launinta ba ya zuwa bai ɗaya, kuma ruwan majema yana da wari. Shi ma bai kamata a sake shi cikin kwatar shiya ba.

Fatar kamfani da sinadarin kuromiyam ake jeme ta, cikin kwana ɗaya ko biyu. Tana da laushi, tana jure ruwa, in ka sayi ɗari duk kala guda. Mai ɗinka takalman makaranta da yawa zai so ta, ban ga laifinsa ba. Sai dai ruwan da ke fita daga irin wannan jima, in ba a tace shi ba, guba ne ga kifi da gonakin fadama. Mutanen Kano da ke kusa da kogin Challawa sun daɗe suna kuka da shi. In za ka saya, tambayi dillali daga wace masana'anta ta fito, kuma ko suna tace ruwansu. Wanda ya kasa ba ka amsa, nemi wani.

Ta roba kuwa araha ce kawai. Zafin Afrilu na Sakkwato zai sa ta ɓare, ta ƙare a bola, ba ta ruɓewa.

Gane su ba wuya. Yanki ɗan gefe ka duba: tsakiyar ta kamfani yakan yi shuɗi-shuɗi, na ta bagaruwa ruwan ƙasa ne. Ɗiga ruwa, ta bagaruwa za ta sha ta yi duhu. Kusantar da ashana, ta roba narkewa za ta yi tana warin leda. Sannan ɗaga fatar a rana ka nemi tabon wuƙar fiɗa da na kaska, don ko wace jima aka yi mata, wurin nan ne zai fara yagewa.