Wikki, dam ko teku: kafin ka kashe kuɗinka a kan kayan nutso

Ɗan yayata ne ya zo mini da maganar nan bayan sallar isha'i, waya a hannu. Ya ga bidiyon wasu Turawa goye da tukunyar iska suna yawo a ƙarƙashin wani marmaro, ruwan garau kamar babu shi, ya kuma samo wani mai sayar da tsofaffin kayan nutso a intanet. "Kawu, in na saya, ai ga Wikki nan kusa da mu." Na ce masa ya zauna mu yi lissafi tukuna, domin tambaya biyu ya haɗa wuri guda: shin Wikki, marmaron ruwan ɗumi na dajin Yankari, ta isa a je dominta, kuma shin tukunya za a fara saye.

Amsar ta farko, ƙwarai kuwa. Daga Gombe ka kama hanyar Bauchi, ka wuce Alƙaleri, ka karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, sannan ka ƙara kilomita 40 da 'yan kai a cikin dajin Yankari kafin ka isa masaukin Wikki. Daga garin Bauchi tafiyar duka wajen kilomita 110 ce. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Ruwan yana ɓulɓulowa ne daga gindin wani dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, dare da rana, kuma abin da yake fitarwa a kullum ya kai lita miliyan 21, yana gangarawa kogin Gaji. Wannan gudun da ba ya tsayawa shi ne sirrin haskensa. Kana tsaye kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wanda bai taɓa shiga da asubar hunturu ba, lokacin da haƙora ke kaɗawa a tudu amma ruwan yana tururi, bai san Wikki ba.

Sai dai fa zurfinsa bai kai mita 2 ba, faɗinsa kuma kamar mita 13 ne. Dogon mutum in ya ɗaga hannu a wuri mafi zurfi, yatsunsa suna waje. To me za ka yi da tukunya mai nauyin buhun gero ƙarami a irin wannan ruwa? Duk abin da mai tukunya zai gani, mai tabarau da bututun numfashi ya riga ya gan shi daga sama, kuma bai biya kuɗin ɗauko kaya ba.

Kada kuma ƙarancin zurfin ya ruɗe ka ka ce ai ba haɗari. Iskar da mai nutso ke shaƙa daga tukunya tana zuwa ne daidai da nauyin ruwan da ke kansa. A mita 10 nauyin ya ninka na sarari sau biyu, a mita 2 kuwa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. In ka cika huhu a ƙasa, ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura a cikin ƙirjinka, kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya yaga huhu. Shi ya sa darasin farko na masu koyarwa shi ne kada ka taɓa riƙe numfashi da tukunya a bayanka. Mu kuwa da muka koyi iyo a rafi da kududdufi, riƙe numfashi shi ne abin da jikinmu ya saba da shi da zarar kai ya nutse.

Akwai kuma batun cika tukunyar. Ba iskar asibiti ce a ciki ba, iskar da muke shaƙa ce aka tace aka danna da ƙarfi, kusan sau 200 na nauyin iskar sarari. Injin mai faci ba zai kai ko kusa ba, in ma ya kai, tiririn mai da hayaƙi za su bi iskar, mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa bai sani ba. Tsohuwar tukunya kuma dole a ga tambarin ranar da aka gwada ƙarfinta. Mai sayarwar da yaron nan ya samo ko hoton wuyan tukunyar ya kasa turowa.

Sai ya ce to dam fa? Ga Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wanda aka kammala a 1984, bai kai tafiyar awa guda daga Gombe ba. Ga Balanga, ga Gubi a gefen Bauchi. Zurfi kam akwai. Amma ruwan dam na ƙasarmu ruwan laka ne, musamman bayan damina, ka sauka kaɗan sai ka daina ganin tafin hannunka. A ƙasa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, da tsofaffin kalli da mamari da masunta suka bari, waɗanda ke harɗe ƙafa. Akwai dorina a yankin Dadin Kowa, manoman bakin ruwa za su ba ka labarinta. Ga tsargiya a ruwan da ke kwance. Ga jan ruwa kusa da injinan lantarki. Masuntan da ke nutso a can gadonsu ne, sun san ramukan ruwan kamar ɗakunansu, kuma ba don nishaɗi suke shiga ba. Dam wurin shiga kwale-kwale ne da rigar kariya da cin soyayyen kifi. A lissafin mai son nutso, ni na soke shi.

Marmaron da ya gani a bidiyo kuwa wani abu ne daban. A jihar Florida ta Amurka akwai Ginnie Springs, ruwansa digiri 22 duk shekara, da kogwanni a ƙarƙashin dutse waɗanda sai mai horo na musamman ake bari ya shiga can ciki. A Afirka ta Kudu akwai Marico Oog, idon ruwan da kogin Marico ke tasowa, ƙaramin wuri ne amma zurfinsa ya haura mita 10, masu koyo suna zuwa gwaji. A ƙasar Aisland akwai Silfra, inda ake gani har tazarar mita 100, amma sanyinsa digiri 2 zuwa 4 ne, sai da rigar da ruwa ba ya ratsawa. Abin da ya haɗa su da Wikki shi ne haske da rashin igiyar ruwa. Abin da ya raba su shi ne zurfi, da kuma masu cika tukunya da malamai a kusa. Duk da haka, ko a can, ƙaramin marmaro abin yini ɗaya ne ko biyu: nutso biyu ka gama zagaye shi, kifayen ma ba su da yawa. In kana ƙasar don karatu ko aiki, je ka. Amma a sayi tikitin jirgi daga Kano takanas dominsa, kuɗin ya fi abin kallon.

Wanda da gaske yake son tukunya, teku ce gidansa, kuma Bahar Maliya ta fi mana sauƙin kai: Hurgada, Dahab da Sharm el-Shek a Masar, ko Jidda. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, kwana 3 zuwa 4 ne, karatu, gwaji 5 a ruwa mara zurfi, sannan nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, a ba ka shaidar sauka har mita 18. Tukunya da sauran manyan kaya haya ake ba ka, shi ya sa yawancin masu nutso ba su mallaki tukunya ba. Ka kiyaye ranar dawowa: awa 12 aƙalla tsakanin nutso ɗaya da hawa jirgi, awa 18 in ka yi da yawa. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya da mai sikila sai sun ga likita tukuna, mai juna biyu kuwa ba ta shiga.

To me za a saya domin Wikki? Tabarau mai rufe ido da hanci tare, ba irin na 'yan ninkaya mai rufe ido kaɗai ba. A nan ne kuɗinka ya kamata ya tafi. Ka ɗora shi a fuska ba tare da ɗaura igiyar ba, ka ja iska da hanci. In ya manne ya tsaya, naka ne, in ya faɗo, ajiye shi ko da sunan kamfanin ya burge ka. Gilashin ya zama mai ƙarfi, ba roba mai saurin gogewa ba, gefen kuma ya zama mai laushi. Masu gashin baki su sani ruwa zai riƙa ɗan zurara ta ƙarƙashin hanci, sai haƙuri ko almakashi. Bututun numfashi mai sauƙi ya wadatar. Takalman iyo ba dole ba ne a ruwa mai faɗin mita 13, za ka yi ta tayar da yashi kana shurin mutane. Yawu a gilashi, a ɗauraye, shi ke hana shi yin hazo.

Lokaci ma kaya ne. Ranar sallah da ƙarshen mako ruwan cike yake da 'yan makaranta da iyalai, yashi ya tashi, hasken da ka zo dominsa ya ragu. Talata ko Laraba da sassafe ta fi. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, namun daji suna saukowa Gaji shan ruwa, sai ka haɗa da fita kallon giwaye da kogwannin Marshall, tafiyar ta biya kanta. Ka tambayi kuɗin shiga da na ɗaki da halin hanya kafin ka tashi, kada ka shiga ruwan kai kaɗai, in kuma kana mura kada ka matsa wa kunnenka da nutso.

Yaron ya fasa tukunyar, ya sayi tabarau da bututu, mun sa ranar Laraba ta biyu a watan Janairu. Na gargaɗe shi ya bar jakar abincinsa a mota a kulle, domin gwaggon birin Wikki ya iya buɗe zif.