Firebase ga mai son mayar da tunaninsa manhaja: inda yake rage wahala da inda yake cin kuɗi

Mai sabon tunanin kasuwanci yakan ɗauka zanen fuskar manhaja ne zai ci masa lokaci, sai ya tarar aikin bayan fage ne ke cinye watanni: rajistar masu amfani, rumbun ajiye bayanai, aika sanarwa zuwa waya, da sabar, wato kwamfutar da ke kan intanet, da za ta riƙe duk wannan dare da rana. Wannan nauyin ne Firebase, dandalin kayan aikin gina manhaja wanda Google ya saya a 2014, yake ɗauke wa mutum. A ganina, ga mutum ɗaya ko biyu da ke son kai samfurin farko hannun jama'a cikin 'yan makonni, da wuya a samu abin da ya fi shi sauri. Sai dai saurin yana da sharuɗɗa, kuma galibin masu kuka da shi ba su san su ba kafin su fara.

Mu ɗauki manhajar littafin bashi ta masu shago. Za ka buɗe aikin a shafin Firebase, ka kunna Authentication don rajista, ka buɗe rumbun Firestore, ka haɗa su da manhajar da ka rubuta da Flutter, kayan aikin rubuta manhajar waya. A nan za a tambaye ka yankin da rumbun zai zauna. Ka natsu, domin ba a sauya shi bayan an zaɓa. Za kuma a ba ka zaɓin farawa da tsarin gwaji, wanda ke barin ƙofa a buɗe: kowa na iya karanta bayananka ko ya goge su. Bayan kwana 30 kuma ƙofar ta rufe ruf, manhajar ta daina nuna komai. Maganin shi ne ka rubuta dokokin tsaro tun ranar farko, ta yadda mai shago ba zai ga komai ba sai takardun da ke ɗauke da lambar shaidarsa (takarda ita ce sunan kowane guntun bayani da aka ajiye a Firestore).

Abin da na fi yaba wa Firestore shi ne aiki ba tare da intanet ba, kuma a Android da iPhone a kunne yake zuwa. Mai shago ya rubuta bashin buhun sukari a lokacin da sabis ya ɗauke, wayar ta ajiye, da sabis ya dawo ta aika da kanta. Wanda ya taɓa gina irin wannan da hannunsa ya san aikin makonni ne. Amma akwai tarko. Idan yaran shago biyu suka gyara jimillar bashin mutum ɗaya daga waya biyu, rubutun da ya isa sabar a ƙarshe shi ke tabbata, na farkon ya ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Don haka kada ka ajiye jimilla kawai kana sake rubuta ta. Kowane bashi da kowane biya ya zama takarda mai zaman kanta da lokacinta, daga nan a fitar da jimillar.

Yanzu batun kuɗi. Tsarin kyauta, Spark, yana ba da karanta takarda 50,000 a rana, rubutu 20,000, gogewa 20,000, da wurin ajiya gigabait 1. Adadin yana da girma a ido har sai ka yi lissafi. Masu shago 200, kowanne yana da mutum 100 a jerin masu bashi, kowanne ya buɗe jerin sau 3 a rana, manhajar kuma tana jawo shi gaba ɗaya daga sabar kowane lokaci: karatu 60,000 ke nan. Ka wuce iyaka, rumbun ya daina amsawa sai an sabunta adadin da tsakar daren yammacin Amurka, wato wajen ƙarfe 8 ko 9 na safe agogon Najeriya da Nijar. Laifin ba na yawan jama'a ba ne, na tsarin bayanan ne. A riƙa jawo takarda 20 a shafi, a ajiye takardar taƙaitawa guda ɗaya ga kowane shago don fuskar farko, sai nauyin ya ragu ninki-ninki.

Ba za ka daɗe a Spark ba. Cloud Functions, sashen da ke gudanar da ayyukan da ka rubuta a kan sabar Google, yana buƙatar tsarin Blaze na biya gwargwadon amfani, haka ma tantance lambar waya ta saƙon tes, inda ake biyan kuɗin saƙonnin. Kuma da zarar za ka karɓi kuɗi ta Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, dole ka samu sabar da za ta tabbatar da biyan, domin makullin sirri ba ya zama cikin manhajar waya. Babban ƙorafina yana nan: iyakar kasafin da ka saka a Blaze sanarwa kawai take aikowa, ba ta tsayar da kashewa. Aikin da ka ɗora a Cloud Functions don ya tashi duk lokacin da takarda ta sauya, idan shi ma yana rubutu a takardar, zai yi ta kiran kansa har gari ya waye, lissafin kuma da dala ne. A fara gwada irin wannan a Emulator Suite, kwafin Firebase na gwaji, a kan kwamfuta, a sa iyakar yawan kwafin aikin da za su tashi lokaci guda, a kuma taƙaita ƙasashen da ake aika musu saƙon tes.

Inda Firestore ya gaza shi ne rahoto. Tambaya irin "wane kaya aka fi ci bashi a kowace unguwa a wata uku" tana wahalar da shi, domin ba ya haɗa kundin takardu da wani kundin kamar rumbun SQL, mai ajiye bayanai a jadawali. Idan zuciyar kasuwancinka lissafi ne da rahoto, Supabase, kishiyar Firebase da ke kan rumbun SQL mai suna PostgreSQL, ya fi dacewa tun farko, don ƙaura daga baya kusan sake rubuta manhajar ne. Google kuma yakan rufe sashe: Dynamic Links, sashen mahaɗan da ke buɗe manhaja kai tsaye, ya daina aiki a watan Agusta na 2025.

Wajen kai samfurin hannun mutane, App Distribution da Crashlytics kyauta ne, na farkon yana raba manhajar ga masu gwaji, na biyun yana nuna layin da manhajar ta faɗi da irin wayar. Sai dai gwajin App Distribution ba ya shiga lissafin Play Store. Can za ka biya dala 25 na rajista, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi rufaffen gwaji da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin fitar da manhaja ga kowa. Ka tara masu shagonka 12 tun kana tsakiyar gini.