Sharhi kan FanGraphs: Yadda Yake Auna Gudun Jifa da Saiti Kafin Zaɓen 'Yan Besbol

Duk watan Yuli ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, suna zaman zaɓen matasan 'yan wasa daga makarantun sakandare da jami'o'i, zagaye 20 ringis. Kuma duk shekara gardama ɗaya ce ke tashi a kan masu jifa. Ga yaro mai jefa ƙwallo da gudun mil 100 a awa amma bai san inda za ta faɗa ba, ga wani da ƙyar yake kai mil 92 amma duk inda ya nufa nan take sauka. Wa za a ɗauka? Ga mai son bin wannan gardama da hujja, shafin FanGraphs, wanda David Appelman ya kafa a 2005, shi ne wurin da ya fi dacewa a fara leƙawa. Sashensa na matasan 'yan wasa, wanda Eric Longenhagen ke jagoranta, yana da babban jadawali mai suna The Board da kuma rahoto a kan kowane ɗan wasa. Shafin yana da kyau ƙwarai, sai dai ginshiƙansa ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wanda ya karanta su da yarda iri ɗaya zai yi kuskure.

Rahoton kowane mai jifa yana ɗauke da shekaru, tsawo, nauyi da hannun da yake jifa da shi. Sai makin kowane irin jifa da yake da shi: fasbol, wato jifan gudu, silaida da kob masu lanƙwasa, da cenjof, wanda ke fitowa kamar fasbol amma ya iso a makare. Bayan su sai makin saiti. Ana ba da maki ne a ma'aunin 20 zuwa 80 da masu farautar 'yan wasa suka daɗe suna amfani da shi: 50 shi ne matsakaicin ɗan MLB, 60 ya fi matsakaici, 70 ya yi fice, 80 kuwa sai ɗaiɗaiku. Abin da ya bambanta FanGraphs shi ne maki biyu yake bayarwa, na yanzu da na hasashe. Idan ka ga 30/50 a saiti, ana nufin yau yaron yana ƙasa da matsakaici sosai, amma mai rahoton yana sa ran zai kai matsakaici. MLB Pipeline, shafin gasar da kansa, maki guda yake bayarwa, don haka ba ka ganin nisan tafiyar da ta rage. Wannan tazara tsakanin lambobin biyu ita ce abu mafi amfani a rahoton gaba ɗaya, domin ita ce girman cacar da ƙungiya za ta yi.

Ginshiƙin gudu shi ne mafi tsabta. An rubuta masa Sits/Tops, kuma za ka ga abu kamar 93-96 / 98: yawancin jifansa tsakanin 93 da 96 yake zama, ya taɓa kai 98. Lambar farko ce abin dubawa. Ta biyu ita ce ke jawo kanun labarai, amma sau da yawa an same ta ne a wasan baje koli inda yaro ya jefa inin guda (ɗaya daga cikin sassa tara na wasa) ya zauna, ko a taron gwajin da MLB ke yi kafin zaɓe tun 2021. Akwai kuma wani tarko. Mai fara wasa, wato mai jifan da ke buɗe wasa ya daɗe yana jifa, a jami'a sau ɗaya yake jifa a mako, a MLB kuwa duk kwana biyar ne, ga kakar wasa mai wasanni 162. Ba abin mamaki ba ne gudun da aka gani a jami'a ya ɗan ragu idan aiki ya ƙaru. A gwada lambar da matsakaicin fasbol na MLB a 'yan shekarun nan, wanda ke wajen mil 94, alhali a 2008 bai kai 92 ba. Gudun da ake yi wa kirari shekara goma sha biyar da suka wuce yau ba ya tayar wa kowa hankali.

Wani abin yabo shi ne makin fasbol ba ya bin gudu ido rufe. Za ka ga mai 97 ya sami 50, mai 93 ya sami 60, kuma rubutun ya bayyana dalili. Nisan da ke tsakanin wurin jifa da faranti, inda mai duka ke tsayawa da sanda, ƙafa 60 ne da inci 6, don haka wanda ke miƙa jiki ya saki ƙwallo kusa da mai duka ya rage masa lokacin tunani. Wanda ke saki daga ƙasa-ƙasa, ƙwallonsa kuma tana juyawa baya da kyau, tana shigowa saman akwatin jifa (sararin da ke saman faranti inda ake son ƙwallo ta ratsa) a miƙe, sai sanda ta riƙa wucewa ta ƙarƙashinta. Wanda fasbol ɗinsa ba ta da wani motsi na daban, ko da 98 ce, manyan masu duka sun saba da irinta.

Ginshiƙin saiti kuwa, nan ne ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan. Gudu na'ura ce ke auna shi, radar ko TrackMan, kuma ba a gardama da ita. Saiti ido ne ke auna shi. Don ka san mutum ya sami inda ya nufa, sai ka san inda ya nufa tukun, kuma abin da kawai ake gani shi ne safar mai cafka, wato ɗan wasan da ke tsugune bayan faranti, wadda wasu ke ajiyewa a tsakiya komai jifan da za a yi. Faɗin faranti inci 17 ne kacal. Jefa ƙwallo cikin akwati abu ne daban, ajiye silaida a ƙasan kusurwar waje lokacin da ake buƙata abu ne daban, kuma lambobin jami'a ba sa raba su. Adadin masu dukan da ya bari suka wuce kyauta saboda jifa huɗu a waje yana iya yin ƙasa don kawai yaran ƙaramar gasa suna kai wa komai duka, ko don alƙalin wasa yana da faffaɗan akwati. Makin hasashe na saiti ya fi wannan rauni ma, domin an gina shi a kan abubuwa kamar sassaucin jiki, iya maimaita motsi iri ɗaya, da ko kansa na fizga lokacin saki. Hujjoji ne masu ma'ana, amma ra'ayin ƙwararre ne, ba awo ba. A shafin lambar 45 ta saiti da lambar 96 ta gudu suna zaune gefe da gefe da rubutu iri ɗaya, babu wata alama da ke nuna ɗaya ta fi ɗaya tabbas. Wannan shi ne babban aibin tsarin.

Tarihin zaɓen ya nuna abin da wannan tazara ke jawowa. A 2014 Miami ta ɗauki Tyler Kolek na biyu a duk zaɓen, yaron sakandare daga Texas mai kai 102, ta ba shi dala miliyan 6. An yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2016, kuma bai taɓa wuce ƙananan matakan gasa ba. A zaɓen nan Philadelphia ta ɗauki Aaron Nola na bakwai daga jami'ar LSU, wanda aka sani da saiti, shekara guda bayan haka yana MLB. A 2016 abin ya fi fitowa fili. Colorado ta ɗauki Riley Pint na huɗu, shi ma mai 102; a 2019 waɗanda ya bari suka wuce kyauta sun fi yawan inin ɗin da ya jefa, ya ajiye wasa a 2021, ya dawo, sai a 2023 ya taka MLB a matsayin ɗan canji. A zagaye na huɗu na zaɓen 2016 ɗin Cleveland ta ɗauki Shane Bieber daga UC Santa Barbara, wanda fasbol ɗinsa ke wajen 90. A 2017 ya jefa inin 173 a ƙananan gasanni, mutum 10 kawai ya bari suka wuce kyauta. Gudunsa ya ƙaru zuwa wajen 94, kuma a 2020 ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. George Kirby ma haka: a shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Elon, 2019, ya fitar da masu duka 107 da jifa uku masu kyau, ya bar 6 kacal suka wuce, Seattle ta ɗauke shi na 20, ta ƙara masa gudu har ya riƙa zama a wajen 96.

Kada a ɗauka daga nan cewa saiti ne amsa kullum. Thomas Eshelman, a shekararsa ta farko a Cal State Fullerton, mutum uku ya bari suka wuce kyauta a inin sama da 115, kuma Houston ta ɗauke shi a zagaye na biyu a 2015. Gudun bai taɓa zuwa ba. Da ya isa MLB tare da Baltimore a 2019 fasbol ɗinsa tana wajen 86, ana cin sa fiye da maki biyar a kowane inin tara, kuma bayan 2021 bai sake jifa a MLB ba. A ɗaya gefen, Cincinnati ta ɗauki Hunter Greene na biyu a 2017 saboda gudu, ta haƙura da tiyata da shekarun koyo, ya zama cikin taurarin gasar a 2024. Abin da Bieber da Kirby suka nuna ya fi ƙunci: horon zamani, da ƙwallaye masu nauyi da ɗaga ƙarfe da gyaran motsi, ya fi iya ƙara mil biyu ko uku ga mai saiti a kan koya wa mai gudu saiti. Amma sai idan jikin yana da sauran wurin ƙari.

Shafin yana da wasu ma'aunai da ke taimakawa wajen fahimtar wannan, Stuff+ da Location+, waɗanda Eno Sarris da Max Bay suka ƙirƙira aka saka su a 2023. Na farko yana auna ingancin jifa daga gudu, motsi da wurin saki. Na biyu yana auna ko wurin da ƙwallo ta faɗa ya dace da irin jifan da kuma halin ƙirgen jifa masu kyau da na waje a lokacin. A duka biyun 100 ne matsakaici. Stuff+ yana zama abin dogaro bayan jifa kamar 80, Location+ yana buƙatar wajen 400, kuma ya fi sauyawa daga shekara zuwa shekara. Wato ko da kyamarorin Hawk-Eye na filayen MLB, saiti ya fi wuyar kamawa, balle a filin sakandare. Sai dai an gina waɗannan jadawalai ne don 'yan MLB. Wanda ya shigo don zaɓe ba zai sami irin wannan awo a kan yaron sakandare ba, domin yawancin bayanan na'ura na matasa suna hannun ƙungiyoyi da kamfanoni.

Hanyar da ta fi ba da sakamako wajen amfani da The Board ita ce a fara da lambar farko ta gudu a matsayin ƙofa. Na-dama da ke zama ƙasa da 90 sai da ƙwaƙƙwaran dalili a rubutun: tsayi da siririn jiki da zai cika, ƙarancin shekaru, ko makarantar da ba ta da horon zamani. Bahago ana ɗan ɗaga masa ƙafa. Wanda ya wuce ƙofar, sai a koma kan makin saiti na yanzu, a bar na hasashe tukuna. Ɗan jami'a mai shekara 21 da aka ba 30/50 ana neman ya haura matakai biyu cikin ɗan lokaci, kuma hakan ba ya yawan faruwa. Ɗan shekara 18 yana da lokaci, amma cacar ta fi tsawo. Daga nan a ƙirga jifansa masu makin hasashe 50 ko sama. Biyu tare da saiti ƙasa da 45 yawanci hanyar zama ɗan canji ce, mai jefa inin ɗaya, komai gudunsa. Uku tare da saiti 50 shi ne kamannin mai fara wasa. Bayan an zaɓe shi, jadawalin ƙananan gasanni na shafin yana ba da kason fitarwa da kason wucewa kyauta. A MLB matsakaicinsu wajen kashi 22 ne da kashi 8 cikin ɗari, kuma wanda ke haura kashi 12 na wucewa kyauta a ƙananan matakai ba ya kan hanyar cika hasashen da aka yi masa.

Rauni kuwa ba a ba shi maki kamar jifa, cikakken bayaninsa sai an karanta rubutun. Rahoton da MLB ta fitar a Disamban 2024 ya ɗora babban laifin yawaitar raunin masu jifa a kan neman gudu da jifa da iyakar ƙarfi. Yaron da gudunsa ya yi tsalle mil huɗu cikin shekara guda abin murna ne kuma abin tsoro, kuma lambar FV, wadda ke taƙaita darajarsa gaba ɗaya, ta haɗiye wannan haɗari a cikinta ba tare da ta nuna nawa aka rage ba.

Duba jadawalin kyauta ne. Rajistar biya tana cire tallace-tallace, tana kuma ba da damar sauke bayanan a jera su a kwamfuta, abin da ke da amfani ga mai son kwatanta 'yan wasa da yawa. A waya jadawalin ya yi faɗi, sai an yi ta ja gefe. Rubutun da Turanci ne cike da kalmomin 'yan sana'a, don haka sabon shiga zai sha wuya a farko. A kuma duba ranar da aka sabunta rahoto kafin a dogara da shi, domin gudun ɗan shekara 19 na iya canzawa tsakanin Fabrairu da Yuni, kuma ba kowane suna a cikin ɗaruruwan da ke jadawalin ake sake dubawa a lokaci guda ba.